Lemon Tsamin Mis Zenobia

A unguwar Treme babu mai busa ƙaho da farar rigarsa ba ta taɓa kwana a gidan Mis Zenobia Lacoste ba. Guga ce sana'arta tun tana budurwa, kuma makaɗan jaz kaɗai take yi wa. Ta ce rigar lauya ba ta da labari. Rigar makaɗi kuwa, daga ganin wuyanta ta san wanda ya busa da gaske da wanda ya laɓe a baya yana kumbura kumatu, ta kuma san wanda matarsa ta yi fushi ta daina sa masa maɓalli. Ran Litinin za ka same ta a baranda, tukunyar jan wake tana ɓararraka a kicin tun safe, fararen riguna sun yi layi a igiya, ita kuma tana fesa sitati tana zagin masu rigunan ɗaya bayan ɗaya, suna nan ko ba sa nan.

Amma ba guga ce ta yi mata suna ba. Lemon tsami ne.

Mai busa ƙaho da leɓensa yake ci da kansa. In yana tsakiyar busa ya hangi wani yana tsotsar lemon tsami, nan take yawu zai tsinke masa, leɓe ya saki, ƙahon ya yi wani kuka da ba a shirya ba. Duk makaɗan gari sun san wannan, amma Mis Zenobia ce kaɗai ta taɓa yin sa a bainar jama'a, ranar Lahadi, da kayan coci a jikinta.

Tana amarya a lokacin. Mijinta Prosper ya kara da wani saurayi mai ji da kansa, Ulysse Desvigne, a mashayar Fontenette. Yadda aka saba, mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, wannan ya busa ya miƙa wa wancan, wancan ya amsa ya ƙara gishiri, har ɗaya ya gaji ko jama'a su raba gardama da ihu. Ana cikin haka amarya ta buɗe jaka a kujerar gaba, ta fito da lemo, ta gantsara har da ɓawo. Ulysse ya kai ƙaho baki, sai ga wata ƙara kamar an taka agwagwa. Aka kwashe da dariya har mai ganga ya yar da sanda. Tun daga ranar sunan Agwagwa ya bi shi, ya yi aure da shi, ya yi jikoki da shi.

Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne, ba don Ulysse aka sayi lemon ba. Prosper gwani ne, amma matsoraci. Da ya ga taro sai bakinsa ya bushe ƙamas, harshe ya manne, kuma busasshen baki ba ya fitar da sauti ko da mai shi zai mutu. Amaryarsa ce ta gano maganin a kicin: abin da ke kashe jiƙaƙƙen baki shi ke raya busasshe. Mijinta take kallo ranar. Ulysse tsautsayi ne ya tsayar da shi a gefe, ga shi da manyan idanu masu son ganin abin da ba a kira su ba. Da gari ya ɗauka mugunta ce ta yi, sai ta bar shi a haka. Gara a kira ta muguwa da a kira mijinta matsoraci. Shekara da shekaru tana zama a kujerar gaba da lemo a cinya, makaɗa suna kawar da kai, Prosper yana satar kallonta. Ranar da ya rasu aka raka shi da kiɗa, a tafiya ana busa ta kuka, a dawowa ana busa ta rawa, ita ce a gaba da laima tana juyi. Sirrin lemon kuwa ba ta faɗa wa kowa ba.

Sai guguwar bara ta zo da ambaliya. Ba a cika son maganarta ba. Har yanzu akwai layin ruwa a bangon gidaje, daidai ƙirjin mutum, kuma rabin rufin unguwar shuɗin tamfol ne. Mu 'yan unguwa da muka gama karatu bana mun dawo da takardunmu a hannu mun tarar da layin da muka tashi a cikinsa shiru, ƙofofi a ƙulle, maƙwabta sun watse zuwa garuruwan Houston da Atlanta. Kowa ya ce na ɗan lokaci ne. In aka yi tsawa yanzu hira takan tsaya, kowa ya ɗaga kai, sannan a yi kamar ba a ɗaga ba.

Mis Zenobia ta yi kwanakin ruwan a cikin silin tare da jikarta Corinne, wadda ta zo hutu daga makarantar kiɗa. Zafi, duhu, babu ruwan sha, har kwalekwale ya zo. Corinne ta koma ta ƙarasa karatunta, ta dawo da ƙahon kakanta Prosper da digiri. In ta fita tsakar gida ita kaɗai ta busa, masu gyaran rufin maƙwabta sukan ajiye guduma. Amma da faston cocinsu ya roƙe ta ta busa a gaban jama'a, ta tsaya, ta kai ƙaho baki, iska ce kawai ta fito. Ta ce mura ce. A ƙarƙashin gadonta akwai akwati rabinsa cike da kaya, domin gwaggonta ta samo mata aikin ofis a Atlanta.

Ana haka labari ya zaga cewa mashayar Fontenette za ta sake buɗewa. An canza katakon ƙasa, an samo wani fiyano a madadin wanda ruwa ya kumbura. Za a riƙa kiɗa kowace Lahadi da rana, bayan an taso coci, har ƙarshen bazara, kuma ƙungiyar Ulysse Desvigne ce za ta riƙe dandalin. Mai busa ƙahonsa na biyu ya maƙale a Houston, don haka Ulysse ya ce duk mai son kujerar ya zo ranar Lahadin farko ya tsaya kusa da shi, jama'a su ji.

Corinne ta ce wa kakarta, "In na samu na zauna. In ban samu ba, Atlanta."

Mis Zenobia ta ci gaba da guga. Ta san waɗanda suka tafi na ɗan lokaci. Rigunansu suna nan a kwabarta, a goge, a ninke.

Ran Alhamis Ulysse ya zo karɓar rigarsa. Ya tsufa, ya rage tsawo, amma hular makaɗan tana nan a karkace kamar yadda ya saba.

"Agwagwa, an wayi gari lafiya?" in ji Mis Zenobia.

"Lafiya lau, mayya. Ina rigata?"

"Ga ta nan. Wuyan fes. Da alama ba ka wahalar da kanka kwanan nan."

"Haƙoran nan ne sababbi, ban saba da su ba tukuna." Ya karɓi rigar ya riƙe ta a ƙirji. "Zenobia, na ji jikarki za ta zo. Ta zo, ina maraba. Amma ke, na riga na yi magana da Leon mai tsaron ƙofa. Zai caje jakarki a ƙofa. Ko lemon zaƙi ya gani, waje."

"Leon? Yaron da na yi wa wanka a bahon nan?"

"Yanzu ya fi ƙofar faɗi."

"To ni me zan yi da lemo, tsofai-tsofai da ni? Haƙorana ba za su ɗauka ba."

"Naki na asali ne, duk gari ya sani. Da su kike cin naman mutane." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Kuma zan sa baƙin tabarau. In juya miki ƙeya."

"Ka kyauta. Ƙeyar ta fi fuskar."

Da yamma Corinne ta same ta a kicin. Ta ɗebi ruwa ta sha, ta zauna, ta sake tashi ta ɗebo.

"Kaka, zan roƙe ki abu ɗaya."

"In waken nan ne, bai nuna ba."

"Kada ki yi wa Mista Ulysse abin nan. Don Allah. In kika yi, har in mutu za a ce lemo ne ya ba ni kujera. Kin ga Kaka Prosper, shi aƙalla kowa ya san ba ya tsoron kowa, ke ce kawai ba ki da haƙuri. Ni kuwa ba a san ni ba."

Mis Zenobia ta dubi hoton Prosper a saman firji, yana riƙe da ƙaho, ya buɗe ƙirji kamar janar. Ta dubi yarinyar, tana lasar leɓe. Leɓen nan ta san shi. Ta zauna da shi shekaru masu yawa. Maganar ta zo mata har bakin harshe, amma da hoton nan yarinyar take tashi kowace safiya, kuma ba wannan makon ne za a rushe mata shi ba. Ban da haka, in aka gaya wa mai tsoro cewa an ga tsoronsa, ƙaruwa yake yi.

"Na ji," ta ce. "Ba ruwana da Agwagwa. Ki daina shanye min ruwa, 'yar nan, sai ka ce raƙumi."

Mis Zenobia tana da wata malafar coci da duk unguwa ta sani, mai faɗi, an jera mata 'ya'yan itace na roba: inabi, tuffa, da wani lemo guda da rana ta kashe wa launi. Yara sun girma suna yi mata dariya a ɓoye. Ran Asabar da hantsi ta je kasuwa, ta daɗe tana juya lemo a hannu har ta sami mai irin girman, mai ɗan kodewa. Ta dawo ta kulle ɗaki. Allura da zare kuwa ba baƙinta ba ne.

Ranar Lahadi, tun kafin a taso coci aka fara layi a ƙofar Fontenette. Wasu daga Houston suka tuƙo don wannan ranar kawai. Ana rungumar juna, ana tambayar wa ya dawo, ana kauce wa tambayar wa bai dawo ba. Ƙamshin soyayyen kifi ya cika titi. Leon, ɗan mai mashayar, ya toshe ƙofa da jikinsa.

"Mis Zenobia, ki yi haƙuri, umarni ne. Jakar."

"Ga ta, ɗana. Ka duba da kyau. In ka ga ƙuruciyata a ciki ka miƙo min."

Ya zazzage. Hankici, mafici, alewar tari, carbin coci, tabarau. Ya shinshina jakar.

"Aljihu fa?"

"Ka taɓa ni in gaya wa jama'ar nan inda kake da tawadar Allah."

Leon ya ja da baya, layi ya fashe da dariya. Ya ɗaga kai ya dubi malafar, ya yi murmushi. "Har yanzu kina tafe da gonar nan a ka?"

"Ta fi kanka amfani," ta ce, ta wuce.

Kujerarta ta gaba babu wanda ya taɓa. Ta zauna ta miƙe baya. Makaɗa suka hau, riguna farare tas, kowace ta san ta. Mai ganga ya buga, babban ƙahon da ake ratayawa a kafaɗa ya fara gurnani, fiyano ya shiga, ɗakin ya motsa gaba ɗaya. Wata mata ta fashe da kuka tana rawa. Ulysse, da baƙin tabarau, ya ba kujerar gaba ƙeya, yana busa wa bango.

Samari biyu suka gwada, aka tafa musu na ladabi. Sai Ulysse ya ce, "Jikar Prosper Lacoste. Taho, yarinya, mu ji abin da suka koya miki."

Corinne ta hau. Ulysse ya ɗauko wata tsohuwar waƙar coci, ya lanƙwasa ta, ya yi mata ado, ya miƙa. Corinne ta kai ƙaho baki.

Iska.

Mai ganga ya yi kamar bai ji ba, ya zagayo da kiɗan ya ba ta wata dama. Ta lashi leɓe, harshen ya ƙi. Ta sake gwadawa, wani ɗan sauti ya fito ya mutu. Ɗakin ya fara yin irin shirun nan na tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. Idonta ya koma ƙofa. Mis Zenobia ta ga akwatin nan na ƙarƙashin gado kamar a gabanta yake, ana ja masa zif.

Sai ta cire malafa.

Babu wanda ya taɓa ganin kan Mis Zenobia a waje ranar Lahadi. Ta ɗora malafar a cinya, ta kama lemon, ta fizge, zare ya tsinke. Wani a baya ya ce, "Wayyo, Leon, an cuce ka!" Ulysse ya ƙara manna fuska a bango. Amma ba wajensa ta nufa ba. Ta ja kujerarta ƙiii har gaban jikarta, ta ɗaga murya.

"Corinne Lacoste! Dube ni nan!"

Yarinyar ta duba. Mis Zenobia ta gantsara lemon har da ɓawo, ruwan ya gangaro mata a haɓa, ta runtse ido ɗaya, ta tsotsa da ƙara.

Ɗakin ya ɗauki salati irin nasu. "Jikarta! Jikarta ta cikinta!" in ji wata. "Matar nan ba ta da Allah!" Duk wanda ke layin gaba ya haɗiyi yawu. Mai babban ƙaho ya yi wani gurnani mai ruwa-ruwa ya sauke.

Fuskar Corinne ta canza. Tsoron ya kauce, fushi ya maye gurbinsa, irin fushin da kaka kaɗai ke iya jawowa. Kuma tana cikin fushin ta ji bakinta ya cika. Ta haɗiye. Ta ɗaga ƙahon ta saita shi daidai fuskar tsohuwar, ta busa.

Sautin ya fito kamar an buɗe taga. Ta ɗauki waƙar Ulysse ta mayar masa, ta ƙara, ta hau sama, ta sauko tana zagi da ƙaho, kuma duk wanda ya taɓa samun kaka ya gane abin da take cewa. Mis Zenobia ta sake gantsara. Corinne ta ƙara hawa. Aka miƙe tsaye, hankici ya tashi sama, Leon ya bar ƙofa yana tsalle har katakon sabon dandalin yana amsawa. Tun da aka kafa Treme ba a taɓa ganin wanda ya kalli lemon Mis Zenobia ido da ido ya ci gaba da busa ba.

Ulysse ya kasa daurewa. Manyan idanun nan ba su tuba ba. Ya juyo, ya zare tabarau don ya ga abin mamaki, daidai lokacin da Corinne ta miƙa masa waƙar, daidai lokacin da Mis Zenobia ta matse sauran lemon a baki. Ya kai ƙaho.

Kwaak.

"Agwagwa!" ɗakin ya amsa da murya ɗaya, tsofaffi har da share hawaye. Ulysse ya tsaya, ya dubi ƙahonsa, sai shi ma dariya ta kama shi har ya dafe haƙoransa kada su fita. Da ya samu numfashi ya kama hannun Corinne ya ɗaga.

"Duk wanda ya iya busa a gaban mayyar nan," ya ce, "zai iya busa a gaban kowa. Kujera taki ce, yarinya. Leon, kai kuma sai mun haɗu."

Corinne ba ta yi wa kakarta magana ba a hanyar gida, ba ta yi mata ba a wajen cin abinci. Mis Zenobia ta ci shinkafarta hankali kwance, sannan ta ɗinke lemon roba a mazauninsa a jikin malafa.

Ran Litinin Ulysse ya kawo rigarsa, wuyan ya yi baƙi da gumi. Bai ce mayya ba. Ya tsaya a matakalar baranda yana juya hula a hannu.

"Zenobia, jiya ban yi barcin kirki ba. Ina ta tunani. Na ga bakin yarinyar nan kafin, na gan shi bayan." Ya yi ƙasa da murya. "Prosper ma bakinsa bushewa yake yi, ko?"

Ta fesa sitati, ta ɗora dutsen guga.

"Ranar nan," ya ce, "ranar da kika yi min... ba ni kike kallo ba."

"Kai wa ya ce ka kalla?"

Ulysse ya zauna a matakala. "Shekara da shekaru ina gaya wa jikokina cewa tsabar gwanintata ce ta sa sai da aka haɗa da makirci kafin a kayar da ni. Ashe ni wucewa kawai nake yi mota ta buge ni!"

"Ka ci gaba da gaya musu. Ni ban ce komai ba, kai ma ba ka ji komai ba. Zauna ka ci wake."

Ƙofar kicin ta motsa. Corinne ce, ba a san tun yaushe take tsaye ba. Ta daɗe tana kallon hoton da ke saman firji, sannan ta fito baranda da wata sabuwar farar riga a hannu, ko takardar shago ba a cire ba. Ta jefa ta cikin kwandon guga, a kan ta Ulysse.

"Sitati kaɗan," ta ce. "Kuma ran Lahadi ki zauna inda zan gan ki."

"Leon ya rantse har malafa zai caje."

"Ba zai caje akwatin ƙahona ba."

Ulysse ya dafe kai. "Ni dai a gaya min wane bango zan kalla."

Mis Zenobia ta ɗauki sabuwar rigar ta girgiza, ta duba wuyan, ta shimfiɗa ta a kan katako.